Gunki mai kan giwa a ƙofar asibitin Chennai: aljani ne da ake miƙa wa majiyyata?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Mahaifinmu yana fama da ciwon ƙoda, shekara biyu ke nan ana yi masa wanki. Mun sayar da fili, an shirya masa dashe a wani asibiti a Chennai, yayana ne zai ba shi ƙodar. Da aka turo mana bidiyon asibitin sai muka ga wani gunki mai kan giwa a bakin ƙofa, an rataya masa furanni, fitila tana ci a gabansa. Hajiyarmu ta nuna wa wani malami a unguwa, ya ce wannan sarkin aljanun Indiya ne, duk majiyyacin da ya gifta ta gabansa an miƙa shi ke nan, kuma akwai wata baƙa mai harshe a waje da ake ba jinin waɗanda aka yi wa tiyata. Ya ce a ɗage tafiya, a dakatar da wanki har ya gama aikin tsari na kwana 40, domin shi ma yana da aljanar Indiya da ke yi masa aiki. Hajiya ta daina barci. Don Allah su wane ne waɗannan gumaka, kuma me suke yi wa mutum?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka wa yayanki da alheri. Kafin mu taɓa zancen gunki, kada a tsallake wanki ko sau ɗaya. Wanda ƙodarsa ta daina aiki, in aka bar shi ba wanki, ruwa da guba ne ke taruwa a jikinsa, kuma 'yan kwanaki sun isa su tsayar da zuciyarsa. Da wuya ya kai kwana 40 ɗin da ake faɗa. Ki sanar da Hajiya wannan yau.

Wanda kuka gani sunansa Ganesha, mutanen Chennai kuma Pillaiyar suke ce masa. A wurin mabiya addinin Hindu ɗa ne ga Shiba da matarsa Parbati, aikinsa kuma kawar da cikas. Shi ya sa da shi suke buɗe kowane abu: sabon shago, sabuwar mota, ɗaurin aure, jarrabawa. Shi ya sa kuma ƙofa ce mazauninsa. Za ki gan shi a ƙofar banki da makaranta da otal, da kan gaban motar haya. Shekarun da na yi ina karatu a can, kusan kullum sai na ga direba ya taɓa ɗan ƙaramin gunkin da yatsa, ya shafi goshinsa, sannan ya murɗa makulli. Roƙonsa ya koma gida lafiya, fasinja bai shigo lissafin ba. Mai asibitin ma da ya kafa shi a ƙofa fatansa ke nan, harkarsa ta tafi ba tangarɗa. Abin da ake ajiye masa furanni ne da kwakwa da alawa.

Manyan ababen bautarsu uku ba sai na ja ki da nisa ba, duk wanda ya taso da kallon fim ɗin Indiya ya ji sunansu. Brahma suke jingina wa halitta, amma wuraren bautarsa kaɗan ne, wanda aka fi sani yana Pushkar a jihar Rajastan. Bishnu shi ne mai kiyaye tsarin duniya, suna cewa yana saukowa cikin siffofi idan zalunci ya yi yawa, Rama da Krishna na daga ciki. Shiba shi ne mai rushewa domin a sake sabo, kuma shi masu zuhudunsu ke koyi da shi. Lakshmi matar Bishnu ce, ita suke roƙo arziki, a bikin Diwali 'yan kasuwa ke buɗe sabon littafin lissafi da sunanta. Saraswati ta ilimi ce da kiɗa. Hanuman mai siffar biri misali ne na ƙarfi da biyayya. A wasu asibitocin za ki ga wani riƙe da tulu, Danwantari ke nan, wanda suke danganta ilimin magani gare shi.

Baƙar da malamin ya ambata Kali ce, kuma na san hotonta yana firgita wanda bai saba ba: harshe a waje, takobi a hannu, sarƙar kawuna a wuya. Masu bautarta uwa suke kiranta. Kawunan na miyagun da ta hallaka ne a labarinsu, malamansu kuma suna fassara su da girman kai da son zuciya da ake so a sare. 'Yar'uwarta a ma'ana ita ce Durga mai hawa zaki, wadda ta kashe mugun nan Mahishasura mai siffar ɓauna. Gaskiya ne a wasu wurare, kamar Kalighat da ke Kolkata da Kamakhya da ke jihar Assam, ana yanka awaki. Awaki ne, a wurin bauta, ba jinin majiyyaci a ɗakin tiyata ba.

Ni Musulmi ne, kuma a aƙidarmu babu abin bauta da gaskiya sai Allah, roƙon waninsa shirka ne. Wannan ba abin musu ba ne tsakanina da ke. Amma saɓa wa mutum a aƙida ba ya ba ka damar yi masa ƙarya. Su da kansu, masu ilimin cikinsu da yawa cewa suke asalin ɗaya ne, suna kiransa Brahman (daban yake da Brahma da na ambata), waɗannan kuma fuskokinsa ne, kowa ya riƙi wadda zuciyarsa ta kwanta da ita. Malaminmu Albiruni, da ya koyi Sanskirit ya rubuta littafi kan Indiya wajen shekarar 1030, ya faɗi haka: masanansu sun tafi a kan ɗaya, gama-gari ne ke jingina da gumaka. Har akwai ƙungiyar Arya Samaj, da Dayananda Saraswati ya kafa a 1875, wadda ta ƙi bautar gunki gaba ɗaya tana cikin addinin.

To yanzu ga abin da ke ƙona mini rai, domin ba mako da ke wucewa ban haɗu da shi ba. Mun ɗauki addinin mutane fiye da biliyan guda mun mayar da shi rumbun tsafi. An yi ta yi mana labarin wasan ƙwallon da wai Indiya ta ci Najeriya 99 da 1 saboda ƙwallo tana rikiɗa ta zama zaki, wasan da ba a taɓa bugawa ba, amma har yau akwai dattijon da zai rantse miki ya ji a rediyo. A kan wannan tsoron maƙaryata suka kafa kasuwa. Wannan ya zo da zoben Indiya, wancan da turaren Indiya, wani ya buga hoton Lakshmi a shagon kwamfuta ya ce aljanar kuɗi ce, a ajiye ta ƙarƙashin gado. Na taɓa zama da wani ɗan kasuwa da aka sayar wa irin wannan hoton a naɗe cikin jan ƙyalle. Da na buɗe sai na ga kalandar wani shagon zinari ce aka yanke, ana ma ganin gefen lambobin wata a ƙasa. Jarinsa ya tafi a kan takardar da ake rabawa kyauta a Indiya.

Ki dubi maganar malamin naku da kyau. Ya ce gunkin Indiya zai cinye Baba, sannan ya ce da aljanar Indiya zai kare shi. Wanda ya tsorata ku shi ne mai sayar da maganin tsoron. Ki tambaye shi sunan gunkin, ɗan waye, me ake roƙonsa, in ya iya faɗa. Kuma wanda ya buɗe baki ya ce aljana ke yi masa aiki, ai ya riga ya gaya muku ko shi waye, sunan malam bai dace da shi ba. Ya zo a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in. Hajiya tana gudun shirka a Chennai, ga shi ana ja ta zuwa gare ta a bayan gidanta.

Su kansu Indiyawa suna da irin waɗannan 'yan damfara, kuma sun sha fama da su. Tun 1954 ƙasar take da dokar hana tallar maganin tsibbu. Wani likita, Narendra Dabholkar, ya shafe shekaru yana yaƙi da masu cutar talakawa da sunan tsafi, har aka harbe shi a birnin Pune ranar 20 ga Agusta, 2013, kuma bayan kisansa jihar Maharashtra ta kafa dokar haramta tsafi da sadaukar da ɗan'adam. Mu kuwa namu suna da shafi a Facebook da TikTok, suna ba da lambar asusu a fili, ba mai ce musu kanzil. Ƙidayar 2011 ta nuna Musulmi miliyan 172 ne a Indiya. A waɗannan asibitoci ake haihuwarsu, a nan ake yi musu tiyata, da yawansu ma su ne likitoci da ma'aikatan jinya. Da gifta ƙofa yana miƙa mutum ga aljani, da su suka fara sani kafin mai zaure a unguwarku.

Idan tafiyarku ta faɗo tsakanin Satumba da Oktoba, kada ki razana in kin ga motar ɗaukar marasa lafiya an yi mata ado da furanni da ganyen ayaba, an ɗiɗɗiga mata jan gari, an sa lemon tsami ƙarƙashin taya. Bikin Ayuda Puja ne, ranar da kowa ke girmama kayan sana'arsa, makaniki da sifanarsa, ɗalibi da littafinsa. Ba wanda zai ce ki sunkuya wa komai. In an miƙo miki alawar da aka gabatar wa gunki, ki ce "bendam, nandri", wato ba na buƙata, na gode. Tsohuwar da na yi haya a gidanta sau ɗaya na faɗa mata, ba ta sake miƙo mini ba, da azumi ma ita ke aiko mini da ruwan kwakwa. Ke ma kada ki zagi abin bautarsu, aya ta 108 a Suratul An'am ta hana mu.

Inda nake so ki sa ido shi ne kan dillalin da ya yi muku hanya. Dokar dashen gaɓoɓi ta Indiya ta 1994 ta hana cinikin ƙoda, kuma baƙo sai wani kwamiti ya tantance dangantakarsa da mai bayarwa kafin a yi aiki. Ku tanadi takardun da ke nuna yayanki ɗan Baba ne, da shaidar ofishin jakadancin Najeriya a Delhi, ku biya kuɗi kai tsaye a asusun asibiti, ku karɓi rasit. Ki kuma tabbatar an tsara wa Baba wanki kwana guda kafin ku tashi, da wani bayan kun sauka. Masallaci ba zai yi muku wuya ba, akwai babban masallacin Wallajah a unguwar Triplicane, kuma shagunan abincin halal sun kewaye shi.