Kada ka yi gaggawar cire agogon Marsandin nan

Alhaji, ka ce agogon dashbod na Marsandin mahaifinka, 220D ƙirar 1972, ya tsaya cak, kana tambaya ko ka cire shi ka sa sabo. Don Allah dakata tukuna. Na daɗe ina aikin wayarin a sana'iyya, wato unguwar masu gyaran mota, nan Jidda, irin agogunan nan sun sha biyowa ta hannuna, kuma da wuya ka ga wanda ya mutu murus.

Na wancan zamanin, ko na kamfanin VDO ko na Kienzle, agogo ne mai haƙora da sifirin, wuta wana shi kawai take yi. Idan sifirin ya saki, kwantak biyu, wato 'yan ƙarafan da ke haɗa wuta, su haɗu, kwayil, wato naɗin wayar da ke zama maganaɗisu, ya fizga ya sake wana shi, sai ka ji "ƙas" duk bayan 'yan mintoci. To in mota ta daɗe a ajiye batir ya yi sanyi, kwayil ba shi da ƙarfin raba kwantak ɗin, sai ya yi ta ɗaukar zafi. Saboda haka aka sa masa ɗigon dalma mai saurin narkewa a matsayin fiyus. Sau da yawa ita ce ta narke. A sake ɗiga irinta, a goge kwantak, a ɗan taɓa man agogo, sai ya tashi. Amma fa irinta! Wani yarona ya taɓa liƙe ɗaya da dalmar rediyo, da batir ya sake yin ƙasa kwayil ɗin ya ƙone ƙurmus. Har yau abin yana min ciwo, domin agogon wani dattijo ne.

Masu W123 kuwa, wato Marsandin da ta biyo bayan irin taka, nasu kwatz ne, agogon lantarki zalla marar sifirin, kafasita biyu, 'yan kayan da ke riƙe wuta, ke bushewa a ciki, zafin garin nan ma ba ya raga musu. Canjinsu aikin 'yan riyaloli ne.

Gaskiya kwatz ya fi riƙe lokaci, na asali yakan ɗan yi gudu ko jinkiri. Sai dai sabon da za ka saya farinsa zai yi ƙal kusa da mitar gudu da rana ta gasa shekara hamsin, mai ido kuma yana leƙawa zai gane. In ka nace sai daidai da minti, a bar fuska da hannayen na asali, a dasa injin kwatz a baya, tsohon ka naɗe shi ka adana. In kuma ka bi tashlih, wato inda ake sayar da kayan matattun motoci, neman wani irin na asalin, a jona shi da batir a gabanka, ka tsaya sai ka ji ya wana kansa sau biyu kafin ka biya.

In za ka ajiye motar ka tafi gida hutu, ka cire kan batir.