Ke da fentin ɗakinki

Ɗiyata na ji saƙonki na WhatsApp, wai ko al'ada ta hana amarya shafa ma ɗakinta wani launi in ba fari ba, ke kuma bej ko kirim kike so. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga baya kuma abin ya ɗan dame ni, biki ya matso amma bango ne ya hana ki barci.

Mu a Tawa wa ya san fenti. Shekarar da Kunce ya hau mulkin Nijar, 1974, aka yi bikin yayata, ana cikin yunwa ba wanda ke da na kashewa, amma ɗaki kam sai da aka gyara shi. Mu 'yan mata muka ɗebo farar ƙasa a ƙwarya aka jiƙa ta kwana, da safe kakarmu ta leƙa ta ce a ƙara jar ƙasa ɗan kaɗan, wai fari ƙal kashe ido yake kuma ba ya rufa ma mai ɗaki asiri, hunturu ya kwaso ƙura ko yaro ya dafa da hannun miya kowa ya gani. Aka yi ta damawa har ya koma kalar fura, ta ɗauki tsumma ta shafa wuri guda ta kore mu, kar wanda ya ƙara sai ya bushe. Muna ta ƙunƙuni don da danshi ya yi duhu ba kyan gani. Bayan la'asar muka dawo ya washe, rana ta shigo ta ƙofa ɗakin ya yi wani sanyin ido, sannan ta ce bismilla a shafe duka. Mata na daɓe suna waƙa, ana yayyafa makuba, da dare aka jera tasoshi.

Ku kuwa yanzu a waya kuke zaɓe, abin da tsohuwar ke kira cinikin biri a sama. Gani ya kori ji. Ki aika kasuwar Katako ta Yamai a sawo miki ƙaramin gwangwani, a shafa a bango biyu, wanda rana ke bugu da wanda ba ta kaiwa, ki duba da safe da marece, ki sake dubawa da dare in akwai kuran, wato wutar lantarki, don farin ampul na maida bej ruwan toka, mai ja-ja kuma ya ƙara mai rawaya. In simintin sabo ne a bar shi ya bushe sosai, in ba haka ba fentin zai ɓare. Ƙasan bango inda hannu ke kai a sa na mai, shi ke wankuwa, sama a sa na ruwa.

Maganar al'ada kuwa ki tuntuɓi surukarki da ladabi, kowane gida da nasu. Wai ma tukuna, gidan nan na Yamai ba haya ba ne? Mai gidan ya yarda?