Malam, kada ka bari a sauke maka tanki tukuna

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya mayar da alheri. Ka ce Sienna ɗinka 2005 tana yin kik amma ta ƙi tashi, idan ka murza makulli ba ka jin ƙarar famfon mai da ke cikin tanki, shi kuma bakanike ya ce a kawo kuɗin sabon famfo. Wallahi ina karantawa gabana yana faɗuwa, don maganar da aka gaya mini ke nan, kuma a kanta aka cuce ni.

Wannan shirun da ka ji ba hujja ba ce. Toyota da yawa na wancan zamanin ba sa kunna famfo don kawai ka buɗe makulli, sai lokacin da kake yin kik, sannan biren bokis, wato kwamfutar motar, ya bar shi yana aiki idan ya ga injin na juyawa. To ka buɗe murfin tanki, ka kara kunne, wani ya yi maka kik. A lokacin ne za ka saurari zuuu ɗin, ba kafin nan ba.

Ni tawa a hanyar Gusau ta yi mini, mun wuce Funtuwa muna dosar Tsafe, rana ta yi ja, mota cike da 'yan kai amarya. Kowa a nan ya san abin da ake nufi da tsayawa a wannan hanyar dab da magariba. Tana cikin tafiya kawai ta mutu, ba gargada ba komai. Na yi kik, na yi kik, shiru. Gwaggon amarya ta fara salati da ƙarfi, yara suka ɗauki kuka, wata daga baya tana cewa ai tun a gida ta ce a ɗauki shatar bas. Motoci suna wucewa a guje, ba mai ko rage gudu, kuma ban ga laifinsu ba. Har yau idan na tuna yadda na tsaya a gaban bonet a buɗe, ban san ma me nake kallo ba, mata suna jiran in ce wani abu, sai in ji raina ya ɓaci. Da ƙyar wani mai babur, Allah ya saka masa da alheri, ya je ya ɗauko mana wani bakanike.

Mutumin nan ko fiyus ɗaya bai zare ba. Ya murza makulli, ya karkata kai, ya ce "Alhaji, famfo ne." Aka tura mota zuwa rumfarsa, aka sauke tanki da fitilar waya, ya cire mini famfona na asali, ya sa wani da ya fito da shi daga kwali mai ƙyalli. Mota ta tashi, mata har da guɗa. Na biya shi abin da ya yanka, na ƙara masa tukuici, ina ta godiya. Da na ce ya ba ni tsohon, sai ya ce ai ya ƙone, yaronsa ya yar. A cikin duhu, wai ya yar! Washegari a hanyar dawowa, injin na ɗaukar zafi, ta sake mutuwa. Sai da janwe ya kawo ta Kano. Mai wayarin ya sa mata kwamfuta, lamba ta fito P0335, wato sensar kiranshaf, mai gaya wa biren bokis injin na juyawa. Idan ta yi zafi sai ta ɗauke, biren bokis ya daina ganin juyawar injin, ya yanke wuta da mai. Idan ta huce ta dawo. Ka ga ashe lokacin da ya ɓata yana sauke tanki ne injin ya huce, shi ya sa ta tashi. Famfona lafiyarsa ƙalau, na tabbata a motar wani yake yanzu. Wanda ya sa mini kuwa bai daɗe ba ya fara kuka, dole na je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa na nemo na Beljiyam. Ban yafe ba, mu haɗu a can.

Ka yi haƙuri, na yi nisa. Abu mafi sauƙi da za ka yi yau: ka cire babbar mesar iskar da ke shiga injin, ka fesa ɗan maganin wanke kafireta, kaɗan fa, ka mayar, a yi kik. Idan ta tashi ta yi daƙiƙa biyu ko uku ta mutu, to wuta tana nan, mai ne ba ya zuwa. Idan ko tari ba ta yi ba, ka manta da famfo, ka koma wajen wuta: a zaro kwayil ɗaya da fulogi a ga ko tana tartsatsi. Ka kuma duba fitilar tsaro ta dashbod. Idan makulli yana ciki tana ci gaba da ƙiftawa, motar ba ta gane makullin ba, kuma haka za ta yi ta kik har batir ya mutu. Wannan ya fi samun masu yanko makulli a bakin titi.

Ko da ta nuna mai ne, har yanzu ba a kama famfo da laifi ba. Akwai fiyus da rile (ɗan makunnin wuta mai aiki da kansa) masu rubutun EFI a akwatin cikin bonet, akwai kuma rile mai rubutun C/OPN, shi ke ba famfo wuta. Ka musanya shi da wani mai siffa da lamba iri ɗaya ka gani. Sannan mai wayarin ya jona kwan gwaji a wayar da ke zuwa famfo ana yin kik. Wuta ta zo famfo bai motsa ba, to shi ne. Wuta ba ta zo ba, ko sabo dal daga kamfani ka sa ba zai yi ba. Wasu sukan bubbuga ƙasan tanki ana kik, idan ta tashi to famfon ne yake maƙalewa, amma wannan na kai ka gida ne kawai. Idan ka samu garejin da ke da gejin auna ƙarfin mai, injin 3.3 irin naka yana son 44 zuwa 50 psi. Irin abin nan da suke yi, a zare tiyo a ga mai yana fita a ce lafiya lau, ba gwaji ba ne, famfo mai rauni ma yana zubo da mai. Kuma don Allah ban da sigari ko tartsatsi kusa da wurin.

Af, ka saurari ƙarar kik ɗin ma. Injinka da bel ɗin taimin yake aiki, ba sarƙa ba kamar 3.5 na 2007 zuwa sama. Idan ka ji yana juyawa da sauri sakayau ba kamar da ba, ka daina murzawa har a buɗe a duba bel.

Kuma gaskiya mu ma muna kashe famfunan nan. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa da jar fitila yake yawo, a sha lita uku a wajen 'yan bumburutu a ƙara gaba. Man da famfo yake nutse a ciki shi ke sanyaya shi, ga dattin galan da ke toshe rariyarsa. Ka ma tabbata akwai man a ciki, don gejin tsofaffin motocin nan yana ƙarya.

Idan har ta tabbata famfon ne, ka tsaya a kansu ana aikin, tsohon kuma a miƙo maka a hannu kafin ka biya ko sisi. Ka faɗa mana, a tsaye ta kwana ta ƙi tashi da safe, ko tana cikin tafiya ta mutu? Kuma fitilar injin ta taɓa kamawa kafin nan?