Gwanin tseren keke da bai taɓa ɗaukar kambun Tour de France ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce Mark Cavendish ya fi kowa lashe zango a gasar Tour de France, amma bai taɓa cin gasar ba. Ina dalili? Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Daidai ka ji. Ranar 3 ga Yulin 2024, a Saint-Vulbas, ya lashe zango karo na 35 a rayuwarsa, ya wuce Eddy Merckx ɗan Beljiyam mai 34. Sai dai zango 21 ake yi, kuma wanda jimillar lokacinsa ta fi ƙanƙanta shi ke ɗaukar kambu. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, duk waɗanda suka iso a dunƙule lokaci ɗaya ake rubuta musu, don haka gwanin fizga irin Cavendish, wato mai tsananin gudu a mitocin ƙarshe, ba ya tara tazara. A kan duwatsu kuwa, ƙaurin cinyar da ke taimakonsa ya zama kaya, a bar shi baya da rabin awa. Akwai ma wa'adi: a 2018 an sallami Cavendish a zango na 11 saboda ya makara.

Tambaya: To yaya ake cin irin wannan zango?

Amsa: Da taimakon abokai. Wanda ya laɓe bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar iska, shi ya sa yini guda ba ka ganin gwanin a gaba. Saura 'yan kilomita, mutum uku ko huɗu na ƙungiyarsa su jeru gabansa, kowa ya ja iya ƙarfinsa ya kauce. Na ƙarshe ya sake shi saura kamar mita 200. Nan zai miƙe daga sirdi, ya riƙe ƙasan ƙaho, ya taka har gudun ya kai wajen kilomita 70 a awa. Mark Renshaw ne ya yi masa wannan aiki a 2009, shekarar da ya ci zango shida. Cavendish kan sunkuya har haɓarsa ta kusa taɓa ƙaho, iska ba ta samun wurin kamawa.

Ɓarna ba ta da wuya. In iska na bugo fuska ka fito da wuri, ƙafa ta mutu kafin layi, na bayanka ya zagaye ka. Ka yi jinkiri, a matse ka jikin shinge. Ka kauce daga layinka ka tare wani, alƙalai su mayar da kai baya.

Mu dai mun fi jinjina masa kan daɗewa. Cutar Epstein-Barr ta kama shi a 2017, bai ci komai ba a 2019 da 2020, ya dawo ya ci zango huɗu a 2021. A 2023 ya karye a ƙashin wuya. Yana ɗan shekara 39 ya kafa tarihin, a gasar da Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku ya tafi da koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki.