Tun ran gini, tun ran zane: amsoshin tambayoyinku

Tambaya daga Gusau: Malam, wane zane ake nufi a "tun ran gini, tun ran zane"? Na ji wani yana cewa zanen ɗaurawa ne.

Wanda ya faɗi haka bai taɓa tsayawa kusa da magini ba. Ina ruwan atamfa da gini? Zanen nan adon bango ne ko na tukunya. In magini ya yi yaɓe, tun ƙasar na da danshi yake sa yatsa ko tsinke ya fitar da dagi da sauran ado. Ya yi sake rana ta busar da ita, to sai kankara, bangon kuma ya ɓaci. Mai ginin tukwane ma kafin gashi take yi wa tulu zane a wuya. Wanda ke son gani da ido ya leƙa Gidan Makama a Kano, ko unguwar Birni a Damagaram, ko cikin Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830. Yaranmu da suka tashi a gidan bulo da siminti ban ga laifinsu sosai ba, amma babba ya rikita wannan, abin kunya ne.

Abin da ya fi damuna ma daban ne. Yanzu ba a jawo karin maganar sai abu ya lalace, a yi wa mutum gori da ita. Alhali amfaninta kafin a fara ne. Za ku haɗa jari da ɗan'uwanka? Ku yanke yadda za a raba riba da asara tun ba a sayo kaya ba. Za ka kai ɗinki? Ku yi ciniki kafin tela ya sa almakashi. Masu neman aure kuwa, maganar karatun yarinya ko aikinta a gama ta kafin a shafa fatiha. Kunya ce ke hana mu, daga baya a ƙare a gaban alƙali.

Tambaya daga Maraɗi: Me ya sa da sanyin safiya ake kama fara?

Saboda sanyi da raɓa na sandarar da ita, ta kasa tashi. Masu kamun fara tun duku-duku suke shiga gona da buhu. Hantsi na dubawa, ta yi sama.

Tambaya daga Kumasi: Mene ne "bunu" a "magana zarar bunu ce"?

Tsohuwar ciyawar jinka ce. Ka zaro ɗaya, ba ka iya mai da ita gurbinta. Masu rubutu a Facebook cikin fushi su riƙa tunawa.

Tambaya daga Jos: "Juma'ar da za ta yi kyau", daga Laraba ake gane ta ko daga Alhamis?

Laraba. Kada a gyara wa magabata magana.