Had-dis mai ɓacewa ya dawo: abin da za a duba kafin a yi fomatin ko a sayi sabo

Wa'alaikumus salam, Malam. Na karanta tambayarka a tsanake. Ka ce kwamfutar tebur ce mai Windows 10, kana da had-dis na biyu mai girman terabait 2 da kake tara ayyukanka a ciki, kuma kwanan nan yakan ɓace kana tsakiyar aiki, ba ya dawowa sai ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa, har ka fara tunanin ko dai ka yi masa fomatin ko kuwa ka sayi sabo. Na ga wasu 'yan'uwa da suka amsa maka sun riga sun yanke masa hukuncin mutuwa, wasu kuma sun ce bairos ne. A iya abin da na gani a aikin gyaran kwamfuta, had-dis ɗin da yake tafiya yana dawowa sau da yawa lafiyarsa ƙalau, laifin na kebul ne ko na wutar da yake sha, kuma wanda ya yi gaggawar sayen sabo yakan bar jaki ya doki taiki, domin sabon ma haka zai riƙa ɓace masa. Sai dai har zuwa lokacin da za ka tabbatar da hakan, ka ɗauke shi a matsayin mai shirin mutuwa.

Fomatin ba zai magance komai ba. Abin da fomatin yake sabuntawa shi ne tsarin fayiloli, matsalarka kuwa tana ƙasa da nan, a wurin da had-dis yake magana da madabod (babban allon da sassan kwamfuta suke haɗe da shi) ko a wurin da yake karɓar wuta. Abin da ya fi gaggawa shi ne ka kwashe ayyukanka yau ɗin nan, domin duk lokacin da ya katse yana cikin rubuta wani abu, akwai yiwuwar tsarin fayilolinsa na NTFS ya lalace, wata rana kuma sai ka kunna Windows ta nuna maka shi a matsayin RAW, wato faifan da ba ta gane tsarinsa ba, tana neman izinin yi masa fomatin. Ka fara da abin da ba za ka iya sake samu ba, kamar takardu da hotunan iyali da ayyukan mutane, ka kwafe su kaɗan-kaɗan, finafinai da manhajojin da ake iya sake saukowa su zo daga baya. Yayin da kake kwafar, ka lura da abu guda: idan kullum a kan fayil ɗaya ko folda ɗaya yake tsayawa sannan ya ɓace, wannan alama ce ta lalacewar wani sashe a jikin faifan; idan kuwa ba shi da wurin ɓacewa, yau nan gobe can, to zargi ya fi komawa kan kebul da wuta. Kada ka yi masa chkdsk, umarnin Windows na binciken faifai da gyaransa, a wannan matakin, musamman mai /r, domin yana tilasta wa faifan ya karanta kansa daga farko har ƙarshe, yana kuma yin gyare-gyare a kansa, kuma idan ya katse a tsakiyar wannan aikin ɓarnar takan fi ta farko.

Bayan ka kwashe abin da ya samu, sai ka cire murfin gefen kwamfutar ka bar ta tana aiki. Had-dis irin naka faifai ne da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, kuma idan ka ɗora yatsa a bayansa za ka ji ɗan kaɗawar. A daidai lokacin da ya ɓace daga Windows, ka saurara. Idan ka ji sautin juyawar ya yi ƙasa ya mutu, sannan ya sake tasowa kamar yadda yake yi idan an kunna kwamfuta, wuta ce ta yanke masa. Idan yana ci gaba da juyawa daidai amma Windows ba ta ganinsa, to maganar da ke tsakaninsa da madabod ce ta katse, ko kuma shi kansa ya sandare. Idan kuwa ƙas-ƙas kake ji yana maimaituwa, ka kashe kwamfutar nan take. Ƙarancin wuta ma yana iya jawo wannan ƙarar, amma ba a gwada sa'a da ita a kan faifan da ke ɗauke da abin da ake so.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne had-dis yana ajiye tarihin lafiyarsa da kansa, a tsarin da ake kira SMART, kuma manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana karanto shi. Kada ka tsaya a kan launin shuɗi ko rawaya da take nunawa a sama, ka sauka cikin jerin ka duba ginshiƙin ƙarshe, bayan ka sauya shi zuwa lambobin lissafi na yau da kullum, domin a yadda manhajar take zuwa lambobin haɗe suke da haruffa. Layin 05 yana nuna adadin sassan faifai da suka lalace aka maye gurbinsu, C5 yana nuna waɗanda aka kasa karantawa ana jiran a ga makomarsu, C6 kuma waɗanda suka gagara gyaruwa. A lafiyayyen had-dis duk ukun sifili ne. Layin C7 daban yake, kuma shi ne ya fi muhimmanci a irin matsalarka, domin yana ƙirga sau nawa bayanai suka lalace a kan hanya tsakanin had-dis da madabod. Idan ka tarar C7 ya tara ɗaruruwa alhali sauran ukun sifili ne, kusan ka gama bincike, kebul ne ko kafar da aka soka shi. Ka sani cewa wannan lambar ba ta komawa sifili ko da ka gyara matsalar, don haka ka rubuta ta a takarda, abin lura shi ne ko ta ci gaba da hawa bayan gyaran. Akwai kuma layin 0C da ke ƙirga sau nawa aka ba had-dis wuta. Ka rubuta lambarsa da safe, idan ya ɓace da rana kuma ka kashe ka kunna sau ɗaya, ya kamata ta ƙaru da ɗaya kacal. Idan ta ƙaru da uku ko huɗu, wuta tana ɗauke masa tana dawowa ba da saninka ba.

Kebul ɗin SATA na bayanai, siririn nan mai haƙora 7, shi ne abu mafi arha a cikin kwamfutar, kuma shi ne na fi kamawa da laifi. Ba a ƙera bakinsa don yawan cirewa da mayarwa ba, ƙa'idarsa ta asali kimanin sau 50 ce, bayan haka yakan saki. Ka kashe kwamfutar, ka zare wayarta daga bango, sannan ka ciro kebul ɗin ka kai shi wurin haske. Ka duba ko bakin robar ya tsage, ko akwai inda aka lanƙwasa shi ƙwarai har wurin ya yi fari, abin da ke faruwa idan murfin gefe yana danne shi duk lokacin da aka rufe. Ka duba ɗan harshen roba na jikin had-dis ɗin shi ma, domin idan ya tsage daga gindi kebul zai shiga kamar lafiya, amma ɗan girgiza kaɗan zai raba haƙoran. Ka sa sabon kebul mai maƙallin ƙarfe wanda ke yin ƙas idan ya zauna, tsawonsa kada ya wuce mita ɗaya. Idan matsalar ta dawo, sai ka mayar da shi wata kafar a madabod. Ina roƙonka ka riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda kana ba shi kwanaki, domin idan ka sauya kebul da kafa da fawa-fak (akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta wuta) rana ɗaya matsalar ta tafi, ba za ka san wanne ne mai laifin ba, kuma wataƙila ka mayar da shi cikin wata kwamfutar.

Maganar wuta ta fi tsawo. Had-dis babba na kwamfutar tebur, mai inci 3.5, yana buƙatar bolt 12 don juya faifai da bolt 5 don allon da ke bayansa, kuma lokacin tashi yakan ja kusan amfiya 2 a layin bolt 12. Ƙa'idar ATX, wadda ake ƙera fawa-fak a kanta, ta yarda da sauyin kashi 5 cikin ɗari kawai, wato layin bolt 12 kada ya sauka ƙasa da 11.4, na bolt 5 kuma kada ya gaza 4.75. Kana iya aunawa da mitar auna wuta a wani bakin wuta na fawa-fak da ba a amfani da shi, jar waya ita ce bolt 5, rawaya bolt 12, baƙa kuma ta ƙasa. Amma mita ba ta da saurin kama faɗuwar da ba ta kai ƙiftawar ido ba, saboda haka gwajin da na fi yarda da shi shi ne a aro fawa-fak mai lafiya a sa na 'yan kwanaki.

An taɓa kira na wani shagon buga takardu inda had-dis na biyu yake ɓacewa, kuma an riga an sauya shi da sabo bai daina ba. Na zauna gefen mai aikin ina kallo, sai na lura ba ya ɓacewa sai an tura aiki zuwa firintar leza. Da zarar firintar ta fara ɗumama, sai ƙwan shagon ya dushe, sautin ƙaramin janareton da ke waje ya sauya, a cikin kwamfutar kuma ka ji faifan ya yi ƙasa ya sake tashi. Windows tana kan SSD, ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa, shi ya sa kwamfutar ba ta mutuwa, had-dis ɗin kaɗai ke faɗuwa. Da na buɗe fawa-fak ɗin, kafasito biyu, wato 'yan gwangwanayen da ke riƙe wuta, sun kumbura, ɗaya har ya tsatso wani abu ruwan ƙasa a kansa. Sabon fawa-fak da UPS (na'ura mai batir da ke riƙe wa kwamfuta wuta), tare da raba firintar daga layin kwamfutar, su suka kawo ƙarshen matsalar, tsohon had-dis ɗin da aka cire kuma aka mayar da shi aiki. Kai dai kada ka buɗe fawa-fak da kanka, domin manyan kafasito suna riƙe wuta ko bayan an zare waya. Abin da za ka iya yi shi ne ka lura ko ɓacewar tana zuwa ne lokacin da wutar gari ta yi rauni, ko lokacin da aka juya zuwa janareto, ko idan firji ko injin jan ruwa ya tashi. Sannan ka duba ko had-dis ɗin yana shan wuta ta irin 'yar wayar nan da ke juya tsohon baki mai rami huɗu zuwa SATA. Masu arha daga cikinsu suna saki, wasu har narkewa suke yi su ƙone, don haka idan fawa-fak ɗinka yana da bakin SATA na kansa, shi za ka sa.

Windows ma tana da nata rikodin. Ka buɗe Event Viewer, ka shiga sashen System, ka nemi abin da aka rubuta a daidai lokacin da ya ɓace. Lamba 157 tana nufin an rasa faifan ba zato, 129 tana nufin bai amsa ba har aka sake tayar da hanyar, 153 an maimaita wani umarni, 7 kuma sashe ne ya lalace a jikin faifan. Idan ka lura ba ya ɓacewa sai an bar kwamfutar ba a taɓa ta ba na wani lokaci, ka shiga Power Options ka hana Windows kashe had-dis, domin a tsarinta na asali takan kwantar da shi bayan minti 20, wasu faifan kuma ba sa farkawa da kyau. Wannan gyara ne na minti biyu, amma ba kasafai yake zama shi ne dalilin ba.

Zafi ma a duba shi, tunda CrystalDiskInfo tana nuna shi a sama. Yawancin masu ƙera had-dis sun sa iyakarsa a digiri 60, amma ni da zarar na ga ya haura 50 nakan nemi dalili, kuma a watannin Maris da Afrilu, bayan ƙurar hunturu ta toshe fanka da ramukan iska, ba wuya a kai nan. A hura ƙurar da buluwa, a tabbatar fankar gaba tana juyawa.

Idan kuwa 05 ko C5 ba sifili ba ne kuma suna ƙaruwa, ko ka kai had-dis ɗin wata kwamfutar da wani kebul ya ci gaba da halinsa, to shi ne mai laifin, kuma babu manhajar da za ta warkar da shi. Abin da ya rage shi ne a ceto abin da ke ciki. Kwafar Windows ba ta dace da wannan aikin ba, domin tana maƙalewa a wurin da ya lalace. Abin da nake amfani da shi shi ne manhajar ddrescue a kan Linux (wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban da Windows) da aka tayar daga filasha: yana fara kwashe wuraren da ke da lafiya, ya tsallake masu wuya ya dawo musu daga baya, kuma yana rubuta inda ya tsaya a wani ƙaramin fayil, ta yadda idan had-dis ya ɓace za ka kashe ka kunna ya ci gaba daga nan. Ana buƙatar wani faifan da ya kai terabait 2 ko ya fi, kuma a kula sosai wajen rubuta wanne ne tushe wanne ne maƙura, domin idan aka juya su komai ya tafi. Idan ba ka saba da Linux ba, ka kai wa wanda ya saba. Kada ka sa shi a firiza kamar yadda ake yaɗawa, domin raɓa za ta taru a cikinsa, kada kuma ka bari kowa ya kwance murfinsa a teburin shago, tazarar da ke tsakanin allurar karatu da faifan ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Ga 'yan'uwan da had-dis ɗinsu mai ɓacewa na waje ne mai USB, yawanci ƙarancin wuta ne: kafar USB 2.0 miliamfiya 500 take bayarwa, ta 3.0 kuma 900, ƙaramin had-dis kuwa yakan buƙaci kusan amfiya ɗaya wajen tashi. A soka shi a kafar baya ta madabod kai tsaye da gajeren kebul, ba ta kafar gaba ko abin rarraba kafofi ba, a kuma duba ko bakin da ke jikin akwatinsa yana motsi.

Malam, idan ka samu dama ka turo mana hoton shafin CrystalDiskInfo yadda za a ga 05 da C5 da C6 da C7 da 0C, ka rufe lambar siriyal ɗin kafin ka turo, tare da lambobin da ka gani a Event Viewer, da ƙarfin fawa-fak ɗinka da kimanin shekarunsa, da kuma ko kwamfutar tana kan UPS. Da waɗannan za a iya gaya maka ko kebul za ka saya, ko fawa-fak, ko had-dis.