Zaren da na gani a bayan ganyen wake, cuta ce?

Tambaya: Malam, ina noman wake da kabeji a fadama. Kwanan baya ina duba darɓa sai na ga wasu siraran zare kamar gashi a bayan ganye, kowane da ɗan farin ɗigo a kansa. Na ɗauka cuta ce na kankare su. A wurin kuma na ga wata ƴar tsutsa mai baki kamar ƙaho biyu. Wane magani zan fesa?

Amsa: Malam, don Allah ka dakata da feshin tukuna. Abin da ka kankare ƙwai ne, kuma na ƙwaron da yake yi maka aiki a gona ba tare da ka biya shi ko sisi ba. Ƙwaro ne kore shar, siriri, tsawonsa bai wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba, idanunsa na ƙyalli kamar zinariya, fikafikansa huɗu garai-garai da jijiyoyi kamar saƙar leshi. Saboda wannan ne Turawa suke ce masa lacewing, wato mai fiffiken leshi. Masana suna kiran danginsa Chrysopidae, kuma nau'insu ya haura 1,000 a duniya. Mai yiwuwa ka sha ganinsa da dare yana manne a bango kusa da fitila.

Yadda macen take yin ƙwan abin kallo ne. Takan dangwala ƙarshen cikinta a ganye ta ɗiga wani ruwa mai yauƙi, ta ja shi sama ya zama zare, ya bushe nan take, sannan ta ɗora ƙwai guda a samansa. Wannan tsayin yana kare ƙwan daga tururuwa, yana kuma kare shi daga ƴan'uwansa, domin tsutsar da ta riga ƙyanƙyashewa ba ta ƙin cinye ƙannenta idan ta same su a kusa. Ƙwan da yake kore bai fashe ba. Idan ya yi fari fat, mai shi ya riga ya fita farauta. Cikin kwana 3 zuwa 6 ake ƙyanƙyashewa, gwargwadon zafin gari.

Tsutsar da ka gani ita ce gwanar. Ka ɗora ta a tafin hannu ka duba da kyau, za ka ga kamar ƙaramin kada, mai launin ƙasa-ƙasa da ƴan gashi a gefe. Ƙahonnin nan guda biyu muƙamuƙai ne masu rami a ciki kamar allurar asibiti. Da su take soke darɓa, ta zuba mata ruwan da zai narkar da kayan cikinta, ta ɗaga ta sama ta zuƙe, ta yar da fatar. Cikin mako 2 zuwa 3 da take yi tana girma, tsutsa guda takan ci darɓa 200 ko fiye. Tana cin ƴaƴan farin ƙuda, da ƙananan ƙwarin da suke ɓuya cikin fure, da ƙwan malam-buɗe-littafin da yake zama tsutsar kabeji da ta tumatir. Shi ya sa ake mata laƙabi da zakin darɓa. Wasu nau'in ma sukan tara fatun abin da suka ci su ɗora a bayansu, sai ka ga kamar ƴar shara tana tafiya a kan ganye. A shekarar 1978 Thomas Eisner da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa wata irinsu tana tsige farin kakin jikin darɓa ta lulluɓa da shi, tururuwar da ke gadin darɓar ba ta gane ta; da suka cire mata lulluɓin, nan da nan tururuwa ta kama ta ta jefar.

Idan ta ƙoshi sai ta saƙa wa kanta ɗan farin ƙunshi zagayayye kamar ƙwayar dawa, ta yi kamar mako 2 a ciki, ta fito da fiffike. A nan ne abin yake canzawa, kuma nan nake so ka riƙe. A nau'in da aka fi amfani da shi, Chrysoperla carnea, babban ba ya farauta. Ruwan fure yake sha, da garin fure, da zumar nan mai danƙo da darɓa take bari a ganye. Gonar da babu fure a kusa da ita, macen ba za ta samu abin da za ta yi ƙwai da yawa ba, alhali idan ta ƙoshi tana iya zuba ɗaruruwa. Abin da yake burge ni da shi kuma, yana da kunne a gindin fiffikensa na gaba da yake jin kukan jemage. Da ya ji sai ya naɗe fikafikai ya faɗo ƙasa.

A Turai da Amurka da Indiya akwai kamfanonin da suke kiwonsa, suna ciyar da tsutsar da ƙwan ƙwaron hatsi, su sayar da ƙwai a manne a kati ko gauraye da ɓawon shinkafa. Ya fi cin nasara a gidajen shuka na gilashi ko leda, inda ba shi da hanyar fita. A buɗaɗɗiyar gona, wanda ya yi fiffike yakan tashi ya bi iska, tururuwa kuma ta kwashe ƙwan da aka watsa. Don haka a ganina kai ba saye ne a gabanka ba. Kana da shi, tunda ga ƙwansa a ganyenka. Aikinka shi ne kada ka kashe shi.

Maganin feshin da yake kashe komai shi ne babban abokin gabansa. Darɓa tana haihuwa ba tare da namiji ba, ƴarta kuma cikin kamar mako guda ta fara haihuwa, shi kuwa sai ya yi wajen wata guda daga ƙwai zuwa fiffike. Ka fesa ka kashe duka biyun, darɓa ce za ta riga dawowa ta tarar babu mai taɓa ta. Wannan ne dalilin da manomi yake cewa ya fesa amma abin sai ƙaruwa yake.

Ba ina cewa ka zuba wa darɓa ido ba. Ita ce take yaɗa cutar da ta durƙusar da noman gyaɗa a Arewa a 1975, kuma idan ta rufe wake yana ƙarami, tsutsar nan ita kaɗai ba za ta cim mata ba. Ka riƙa zagaya gona sau biyu a mako kana juya ganye. Inda ka ga darɓa kaɗan tare da ƙwan nan ko tsutsar, ka ba su kwana 4 ko 5 ka sake dubawa. Inda ta yi cincirindo, ka tsinke saman da ya fi lalacewa, ko ka fesa ruwan sabulu ko na ƴaƴan darbejiya a kan waɗannan shukokin kaɗai, da yamma. Ka bar layin masara ko riɗi a gefen gona saboda fure. Idan kuma ka ga tururuwa tana hawa da sauka a jikin waken, ka bi sawunta zuwa raminta ka tarwatsa shi, domin ita ce take korar tsutsar daga kan darɓa.